Wa Ya Buɗe Kwalbar Ummi

Kafin a kira La'asar babu ɗakin da labarin bai shiga ba a unguwar Najma da ke Doha. An ce an kama Ajaratu tana yi wa 'yar gidan da take aiki sammu da yawun yarinyar. Waɗanda suka ci tuwonta ranar Sallah su suka fi kowa saurin cewa da ma sun ga alama. Babu wanda ya tambayi abin da aka gani. Kowa tambayarsa yaushe za a kore ta.

Moro, direban gidan, shi ya kawo maganar wurin Baba Aruna. Tsohon ya yi ƙuruciyarsa yana bin sawun shanun sata a dazukan Bawku ta ƙasar Gana, yanzu kuwa gadin wani sito yake yi a Doha. Duk da haka, in abu ya ɓace ko magana ta rikice tsakanin mutanen Zango, ɗakinsa ake nufa.

"Baba, an yankar mata tikiti," in ji Moro. "Asabar za ta tafi. Maigida ne kafil ɗinta, takardun zamanta a hannunsa suke, in ya ce khalas, to shi ke nan."

"Ta yi?"

"Baba, ni direba ne kawai."

"Ban tambaye ka aikinka ba. Ta yi?"

Moro ya sunkuyar da kai. "Matar da take wuni da yarinyar nan a cinya in ciwo ya tashi? Ban yarda ba. Amma ta ƙi magana. Ko rantsuwa ta ƙi yi."

Baba Aruna ya jawo takalmansa. Ba korar ce ta dame shi ba, ana korar mutum ya sami wani aikin. Sunan ne. Zai riga ta isa garinsu Tamale, kuma macen da aka ce ta yi wa yarinya mara lafiya sammu ba za ta sake shiga gidan suna a miƙa mata jariri ba har ta mutu.

A mota Moro ya yi ta gyara madubi ba dalili. Da suka kusa Aziziya, unguwar da gidan yake, ya ce, "Baba, akwai abu ɗaya. Kwalbar farko, ni aka ba in kai asibiti. Na tsaya cin wake da shinkafa a Fereej Abdel Aziz, na bar ta a mota cikin rana."

"Cikinka zai kai ka inda ba ka so. Yalla, tuƙa."

* * *

Maigidan, Umar Faruq, injiniya ne, mutumin Kano, ya san Baba Aruna a masallacin Juma'a. Ya yarda a shigo da shi ne don matarsa Nusaiba ta dage sai an kira 'yan sanda, shi kuma ba ya son abin ya kai can.

Nusaiba ce ta yi bayani, idanunta jawur. 'Yarsu Ummi tana da sikila. An huda hannuwanta da allura har jijiyoyin sun daina fitowa, da ta ga farar riga sai ta fara karkarwa. Yanzu ana shirin yi mata dashen ɓargo, likitoci suna so su karanta ƙwayoyin halittarta su ga wanda zai dace da ita. Sai suka ce ba sai an ɗebi jini ba. Suka ba da 'yar kwalba, yarinya ta tara yawu a ciki a gida, a rufe, a kai musu.

"Ta farko aka dawo mana da amsa wai yawun mutum biyu ne a ciki. Na ce kuskurensu ne. Aka ba mu ta biyu. Bakinta bushewa yake yi, Baba, sai da ta yi kuka kafin ta cika ta. Na rufe da hannuna, na ja layi da jan farce daga murfin zuwa jikin kwalbar, na sa a ƙofar firiji. Da safe na tarar layin ya rabu."

Ta ajiye kwalbar a kan tebur cikin leda. Sannan ta ajiye wani ɗan ƙulli na tsumma, ta warware. Haƙorin yaro ne, ƙarami, fari.

"Na Ummi ne. A ƙarƙashin matashin kan matar nan na same shi. Me mai aiki za ta yi da haƙorin 'yata?"

"Wa da wa ke kwana a gidan?"

"Ni, shi, Ummi, da ita. Moro yana ɗakin waje."

"Sai mahaifiyata," in ji Umar Faruq. "Amma Hajiya a cire ta a ciki. Tana da hawan jini, ba mu gaya mata komai ba. Mun ce mata Ajaratu hutu za ta je."

"Ajaratun tana ina?"

"Ɗakinta. Tun ranar na hana ta shiga kicin, na hana ta taɓa komai na kowa."

* * *

Ana cikin haka Dakta Nasidi ya shigo, abokin maigidan, wanda kan leƙo duba yarinyar in ya taso aiki. Baba Aruna ya tare shi a baranda.

"Likita, ban san aikinku ba, ka yi haƙuri da tambayata. In an bar kwalbar nan a mota cikin rana fa?"

"Akwai ruwan magani a ciki mai kiyaye yawun. Ko da zafi ya lalata shi, lalacewa zai yi, ba zai haifi mutum na biyu ba. Kuma na tambaye su, na biyun mace ce."

Moro, wanda ya laɓe yana wanke motar da ba ta yi datti ba, ya saki ajiyar zuciya har aka ji.

"Yawu kaɗai zai faɗi duk wannan?"

"Zai faɗa, Baba. Abin da ke cikin jini na gadon mutum yana cikin yawunsa. Ita ma an sha ƙara mata jinin wasu, shi ya sa aka fi son yawun. Sharaɗinsa ɗaya, ya zama nata ita kaɗai."

"An rage na yarinyar?"

Likitan ya ɗaga kwalbar ya duba layin awon da ke jikinta. "Ba a rage ba. Ya ma ɗan haura."

Baba Aruna ya dubi kwalbar. A inda ya taso, tun mutum yana yaro ake koya masa ya take yawunsa da ƙasa, ya binne farcensa, don kada mugu ya ɗauka. Ya yarda da wannan ko bai yarda ba, abu ɗaya ya sani: mai son cutar da kai ɗiba yake yi ya tafi da shi. Bai taɓa jin wanda ya ƙara nasa ya bar maka ba.

* * *

Ajaratu na zaune a bakin gado, jakarta a ɗaure. Ta zamo ƙasa ta gaishe shi.

"Kin buɗe kwalbar?"

"Baba, a bar ni in tafi."

"Ba ita na tambaye ki ba."

"Allah ya sani."

"Allah ya sani, amma mutanen Najma ba su sani ba, kuma 'ya'yanki a Tamale da abin da suka ji za su rayu. Kin buɗe?"

Ta rufe baki da mayafi. Hawaye na zuba, amma ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba. Baba Aruna ya ga shirun ɓarayi da yawa a rayuwarsa. Ɓarawo kan kalli ƙofa. Ita bangon da ke tsakaninta da cikin gida take kallo.

* * *

Ummi na kwance a falon sama, siririya, idanunta sun ɗan yi rawaya. Uwar ta tsaya a bakin ƙofa.

"Kai ne mai kama ɓarayin shanu?" ta tambaya.

"Da can. Yanzu ɓarayin haƙora nake nema. Buɗe baki in gani. Kai! An yi miki sata."

Ta yi dariya tana rufe giɓin da hannu. "Ba sata ba ce. Ni na ba Anti Ajara ta ajiye mini. Ta ce a garinsu a kan rufin ɗaki ake jefawa, kuma mai haƙorin ce take jefawa da kanta. Na gwada, hannuna bai kai ba. Ta ce in na warke za mu jefa tare." Ta rage murya. "Kada ka gaya wa Mami, za ta ce datti ne."

Baba Aruna bai juya ba, amma ya ji numfashin Nusaiba ya canza a bayansa.

Da suka sauko ta ce, "Haƙori daban, kwalba daban. Har yanzu wani ya buɗe."

"Gaskiyarki. A ba ni ita in gani a haske."

* * *

Ya fita tsakar gida, ya zauna a gefen famfo, ya riƙa juya kwalbar a cikin ledarta. Gidan duk tayil ne, an goge shi tas, babu ƙasar da za ta riƙe sawu. Amma roba ma tana riƙewa. A gefen murfin akwai 'yan lotsawa a jere: biyu masu kaifi, sannan ɗaya mai faɗi, sumul, kamar an danna da bayan cokali. A ɗaya gefen, wasu ƙanana daga ƙasa.

Da haƙori aka buɗe shi. Ba na yarinya ba, bakin ya yi faɗi. Kuma mai lafiyar hannu ba ya cizon murfin da yatsa biyu za su murɗe.

"Moro, kawo mini kwandon shara."

"Baba, a gidan mutane?"

"Ka ci abinci da kwalbar yarinya a mota, yanzu kake jin kunya? Kawo."

Ya tsince murafan gorunan ruwa ya jera a ƙasa. Yawancinsu lafiya lau. Huɗu daga ciki suna ɗauke da sawun nan: biyu masu kaifi, ɗaya mai faɗi sumul.

"Kai kake zubar da shara. Ka saba ganin irin wannan?"

Moro ya duba. "Wallahi ban taɓa gani ba sai kwanan nan."

Baba Aruna ya zuba su a aljihu, ya ce a yi masa iso wurin Hajiya, bai dace ya shigo gida ya fita bai gaida babba ba.

Hajiya Ruƙayya na kan darduma a ɗakinta na ƙasa, kusa da kicin. Sunanta aka sa wa yarinyar, shi ya sa ake kiran ƙaramar Ummi. Ta amsa gaisuwarsa da fara'a.

"Mutumin Gana! Ku ne kuka ɓata mana Hausa, kuna ce wa mace ya zo."

"Hajiya, mu muka adana muku ita, ku kuka cika ta da Turanci."

Ta yi dariya sosai, haƙorin Makka ya haska a gefen bakinta na sama. Carbi na kan cinyarta, ba a hannunta ba. Yatsun sun kumbura a gaɓoɓi, sun karkace, da gefen babban yatsa take tura ƙwayoyin.

"Wai Ajara za ta tafi hutu," ta ce. "Ko sallama ba ta shigo ta yi mini ba. Ka ce mata na yi fushi."

* * *

Ya koma ɗakin Ajaratu, ya ajiye murfi ɗaya a tafin hannunta.

"Wa yake buɗe wa Hajiya ruwa?"

Ta dubi murfin, sai kukan da take riƙewa ya ƙwace. "Da haƙori take yi? Wayyo Hajiya. Kullum da safe nakan sassauta mata duka, ruwa da magani, in mayar in rufe kaɗan don kada ta ji kunya. Ba ta son a sani."

"Kin gan ta da kwalbar?"

"Ta biyun. Bayan Asuba na shigo kicin na same ta tana mayarwa. Addu'a ta yi, Baba, ta tofa a ciki. Ta ce mini yau likitoci za su ga alheri." Ta share fuska. "In na faɗa fa? Tun da aka gano ciwon nan dangin Madam ke cewa daga gidan Maigida ya fito, dangin Maigida na cewa daga nasu ne. Sai kwanan nan Madam ta fara zama da Hajiya su ci abinci tare. In ta ji wannan, gidan zai rabu biyu, yarinyar tana tsakiya. Hajiya kuma in ta ji ita ta ɓata gwajin, jininta zai hau. Ni baƙuwa ce, in na tafi shi ke nan."

"Ba shi ke nan ba. Za a ba da kwalba ta uku, ke kina Tamale, Hajiya ta sake tofawa. Wa za a kora a lokacin? Kuma yarinyar ta sake kukan banza? Zuciyarki mai kyau ce, amma shawararki ba ta da kyau."

Ajaratu ta dubi murfin da ke hannunta. Wannan bai zo mata a rai ba.

* * *

Bayan Magariba ya ce a taru a falo, har da Hajiya. Umar Faruq ya so ya hana.

"Injiniya, kun ɓoye mata don kuna sonta. Ɓoyewar ce ta kusa cinye mutuncin wata. Likita yana nan, ya zauna kusa da ita. Ni kuma ba zan tuhumi kowa ba."

Aka zauna. Moro ya rakuɓe a bakin ƙofa, Ajaratu a ƙasa can gefe, Nusaiba riƙe da Ummi. Baba Aruna ya juya wurin tsohuwar.

"Hajiya, an ce za a sake ba takwararki kwalbar gwaji. Na ce ina fata kina sa ta a addu'a."

"Ji wata magana! Wa zan sa in ban sa ta ba? Ai har cikin 'yar kwalbar ba na bari. Duka biyun sai da na karanta Fatiha da Ƙulhuwallahu na tofa a ciki, kada a kai ta gaban likitoci haka nan ba tsari. Haka na riƙa yi wa Baballe a ruwan shansa," ta nuna ɗanta da haɓa, "ga shi nan ya zama mutum."

Babu wanda ya motsa. Umar Faruq ya dafe goshi. Hajiya ta bi fuskokinsu da kallo ɗaya bayan ɗaya, murmushinta yana raguwa.

"Me ya faru? Baballe, me kuke ɓoye mini?"

Dakta Nasidi ne ya gaya mata, a hankali, yana riƙe da wuyan hannunta. Ya ce na'urar ba ta iya raba yawun jika da na kaka, duk wanda ta tarar shi take karantawa. Ya ce ba a yi asarar komai ba sai 'yan kwanaki.

"To Ajara fa? Hutun nan?"

Ta dubi idanun Ajaratu da suka kumbura, ta gane.

"Innalillahi. Ita kuka ɗora wa? Kina ganina, 'yar nan, kika yi shiru?" Ta juya kan ɗanta. "Ni ba gawa ba ce, Baballe. Da kun tambaye ni da na faɗa tun ranar farko. Kun mai da ni kayan ado a ɗaki, kuna ta zaluntar baiwar Allah da sunan tausayina."

Nusaiba ta miƙe. Baba Aruna ya ga fushin ya taso mata har wuya, fushin uwar da ta kalli 'yarta tana kuka a kan kwalba sau biyu. Ya ciro murafan daga aljihu ya jera a kan tebur, kwalbar a gefensu.

"Wannan ne sawun da na bi, har da na haƙorin Makka. Hannun Hajiya ba ya iya murɗa murfi. Wanda ya san haka a gidan nan mutum ɗaya ne, ita ke sassauta mata kullum. Da aka hana ta shiga kicin, Hajiya ta koma buɗe ruwan shanta da haƙori."

Hajiya ta ja mayafi ta rufe hannuwanta. Nusaiba ta dubi murafan, ta dubi mayafin, ta daɗe a tsaye. Sannan ta taka ta durƙusa a gaban mai aikinta.

"Ajara, na zalunce ki. Ki yafe mini."

"Madam, tashi, don Allah tashi. Ciwon 'ya ne."

"Ba a nan kaɗai ba," in ji Baba Aruna. "A Najma aka ɓata sunanta. Ranar Juma'a Injiniya zai zo can bayan salla, ya faɗa da bakinsa a gaban mutanenmu."

"Zan zo," in ji Umar Faruq, bai ɗago ba.

* * *

Ranar Asabar ɗin da aka sa za ta tafi, Ajaratu ce ta riƙe kwalba ta uku. Baba Aruna ya biyo Moro don ya ga ƙarshen abin. Ummi ta yi ta ƙoƙari, bakin ya bushe, sai Ajaratu ta fara ba ta labarin tsamiya da lemon tsami da ɗanyen mangwaro da gishiri, har yawun ya taru yarinyar tana dariya. Nusaiba ta rufe murfin, ta miƙa wa Moro.

"Kai tsaye asibiti," in ji Baba Aruna. "In ka ga wake da shinkafa, ka kau da kai."

Hajiya na gefe, leɓunanta na motsi, ta ƙi matsowa. Ummi ce ta lura.

"Takwara, yau ba za ki yi mini ba?"

"Likita ya hana."

"Kwalba ya hana, Hajiya," in ji Nusaiba. Ta ɗauki yarinyar ta ɗora mata a cinya. "Ga mai kwalbar."

Tsohuwar ta karanta, ta tofa a tsakiyar kan jikarta sau uku, ta shafa da karkatattun yatsunta. Da ta gama muryarta ta dushe. Ta jawo gorar ruwa, ta kai murfin bakinta kamar yadda ta saba kwanakin nan. Ajaratu ta yunƙura, amma Nusaiba ta riga ta. Ta karɓi gorar, ta murɗe murfin, ta miƙa mata da hannu biyu.